Ƙarshen Waƙar Malam a Titin Masu Zane

Ɗakin da aka sauke ni a unguwar Sanyuanli ba shi da taga, sai wata 'yar kafa mai kallon bangon maƙwabta, wanda idan mutum ya miƙa hannu zai taɓa shi. A can na fara zaman birnin Guangzhou na ƙasar China, a ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in, ina saurayin da ya gama jami'a, ya gama hidimar ƙasa, ya kuma rasa aikin yi. Alhaji Sabo, wani ɗan kasuwar Kwari da ke mutunci da gidanmu, shi ya ɗauko ni domin in riƙa yi masa tafinta da Turanci, ba tare da ni ko shi mun san cewa mutanen da za mu yi ciniki da su ba su jin Turancin ba. Da ya gama zagayen Shisanhang, titin da ake sarin tufafi, ya ba da aikin kayansa, sai ya koma gida ya bar ni in jira a ɗinka, in duba, in ga an loda. Ya ce mini abin ba zai daɗe ba. Ya daɗe.

Ban da jakar tufafina, abu guda na zo da shi, wato gafakar mahaifina. Malam, kamar yadda kowa yake kiransa har mu 'ya'yansa, malamin zaure ne a cikin birnin Kano, kuma ya shafe rabin rayuwarsa yana tsara waƙa guda ta begen Annabi, da ajami, a kan warƙoƙin da ba a ɗinke ba. Farkon waƙar da tsakiyarta sanannu ne a unguwarmu, yayyena mata sun haddace su, suna rerawa duk watan Mauludi. Ƙarshenta kuwa a ciwon ajalinsa ya rubuta, ina can kudu wajen hidimar ƙasa. Shi ya ɗaure gafakar da hannunsa, kuma bayan rasuwarsa ta zauna rataye a bango, ba wanda ya sami ƙarfin zuciyar kwance ta. Kwafi ɗaya ne a duniya.

Alhaji Sabo ne ya ba Baffa Inuwa, ƙanen Malam kuma babban gidanmu bayansa, labarin cewa a China ana buga littafi da kyau har a shafa wa gefensa ruwan zinariya. Na ba da shawarar a ɗauki hoton warƙoƙin a Kano kafin in taso. Baffa ya ƙi, domin ya taɓa ganin yadda masu injin hoton takarda suke watsar da wadda ta ɓaci a ƙasa, daga nan ta kai hannun mai ƙosai, alhali sunan Allah yana kowane layi. Ban yi masa musu ba. Da yake miƙa mini gafakar, magana ɗaya ya yi:

"Habibu, ka kai ta a buga, ka dawo mini da ita yadda ka karɓa."

Zaman Sanyuanli zaman kurma ne. Da safe in tafi Shisanhang in tsaya a gaban mai shago, in nuna ɗinki da yatsa, ya nuna mini kalanda da yatsa, mu rabu kowa bai gamsu ba. Kalmomi biyu na fara koya: laoban, wato maigida, da meiyo, wato babu, kuma ta biyun ita na fi ji. Burodi da ƙwai da shayi na rayu a kai saboda tsoron naman da ban san asalinsa ba, har sai da na gano wani ɗan shagon taliya na Musulmin ƙasar masu fararen huluna. Matar mai shagon ta lura ba na iya ci da tsinke, sai ta ajiye cokali guda a gefe saboda ni. Duk ranar da ta miƙo mini cokalin nan sai in ji kamar an kira sunana.

Bayan sallar Magariba nakan kwance gafakar in karanta da ƙaramar murya. Ajamina ba mai sauri ba ne, domin boko ya ɗauke ni da wuri, amma hannun Malam na san shi kamar fuskarsa. Na bi waƙar warƙa bayan warƙa, har na zo inda aka daina haddace ta, na tsaya. Na san a ƙarshen irin wannan waƙa mai ita yake faɗin sunansa, ya yi wa iyayensa addu'a, ya yi wa 'ya'yansa. Na kuma san cewa muddin ban karanta ba, to akwai sauran maganar da Malam bai gaya mini ba tukuna. Sai na riƙa jinkirtawa. Na ce wa kaina zan karanta a cikin bugaggen littafi, a zaurenmu, da sauran 'yan'uwana.

Zangona na biyu wata maɗaba'a ce a wani lungu bayan titin Liuhua. Wani dillali mai Turanci da na haɗu da shi a ƙofar otal shi ya kai ni. Laoban ɗin wurin mutum ne mai fara'a, ya zuba mini shayi, ya nuna mini kalandu da katunan biki masu ƙyalli, ya ce ta bakin dillalin za su ɗauki hoton kowace warƙa su buga ta da hannun mai ita, in dawo bayan mako. Na roƙe shi kada a ajiye ta a ƙasa, kada a ɗora komai a kanta. Ya dafa ƙirji, ya ɗora gafakar a saman kabad a gabana. Na fita ina ganin na sauke nauyi.

Na dawo, aka ce gobe. Na sake dawowa, aka ce injin yana gyara. Dillalin ya daina zama a ƙofar otal. Ana cikin haka sai yanayin garin ya juya. Mutanen Guangzhou sun san wannan lokaci, ni kuwa ba wanda ya gargaɗe ni: bayan sanyi, iska mai ɗumi takan taso daga kudu ɗauke da laimar teku, ta shiga gidaje ta zauna. Ba ruwan sama ba ne. Bango ne yake zufa, daɓe yana zufa, madubi yana zubar da hawaye. Rigar da na wanke ta ƙi bushewa har ta fara wari, takalmina na Juma'a ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Ranar da na ga funfunar nan a kan fatar takalmi, sai na tuna gafaka ma fata ce.

Na tarar da ƙofar maɗaba'ar a rufe rabi, wata dattijuwa tana shara. Na ce laoban, ta ce meiyo. Na kwatanta gafakar da hannu, ta ce meiyo. Ba ni da wata kalma, saboda haka na zauna a bakin ƙofar a ƙasa, na ƙi tashi. Mutane suka taru suna kallon baƙin mutum zaune kamar mai zaman makoki. Da ta ga ba zan gusa ba, sai ta ja hannun rigata zuwa wani ɗakin ajiya a ƙarƙashin matakala. Gafakar tana kan siminti, jingine da bangon da ke tsiyayar ruwa, an ɗora mata kwalin kalandu. Daga baya na fahimci ba su da injin irin wannan aiki ko kaɗan. Sun karɓa ne da niyyar miƙa wa wata maɗaba'ar su ci riba a tsakani, ba su sami mai so ba, suka jefar da ita nan.

A ɗakina na kwance ta. Warƙoƙin sama sun yi laushi amma suna rabuwa, na shimfiɗa su a kan gado da kan jaka da ko'ina. Na ƙasa, waɗanda suka kwanta a kan siminti, su ne ƙarshen waƙar, kuma sun manne sun zama fale guda kamar kwali, gefensu ya yi kore. Na sa farce a kusurwa a hankali. Kusurwar ta yage ta biyo farcena da rabin harafi a jikinta. Na daɗe ina kallon rabin harafin nan. Washegari koren ya ƙara shiga ciki, jibi ya ƙara. Na riƙa kwana da falen a ƙirjina ko ɗumin jikina zai busar da shi, alhali ni kaina a jiƙe nake kwana.

Na je shagon waya na kira Alhaji Sabo. Ya saurare ni kaɗan, ya ce Allah ya sawwaƙe, sa'an nan ya tambayi inda aka kwana a batun kwantena. Kafin ya ajiye ya ƙara da cewa Baffa yana aiko yaran gida shagonsa kusan kullum a tambayi ko littafi ya fito, har ya fara gaya wa mutanen masallaci. Na fito daga shagon na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa, na rasa ko dama zan yi ko hagu. Ban taɓa sanin nisa ba sai a wannan tsayuwa.

Ranar Juma'a na je tsohon masallacin garin da falen a cikin rigata. Bayan an sallame na zauna a farfajiya ban tashi ba. Sai na ji an ce a bayana, da Hausa:

"Bawan Allah, wa ya mutu?"

Wani dogon saurayi ne mai tabarau, sunansa Isuhu, mutumin Damagaram, yana karatun likita a ɗaya daga jami'o'in garin, kuma Sinanci a bakinsa kamar ruwa. Da ya ji daga inda nake sai ya yi dariya, ya ce ai dole, Bakano ne ya yi asara a kasuwa, ya kuma tuna mini yadda kakanninsa suka sha koro namu har ƙofar gari. Tsakanin Kanawa da Damagarawa irin wannan wasa bashi ne da ake ramawa nan take. Da ya ga ban rama ba, sai ya cire tabarau ya zauna kusa da ni. Na nuna masa falen. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce shi dai naman mutum ya sani ba takarda ba, amma akwai titi guda a garin nan da ba su da aiki sai takarda da tawada, kuma idan ba a iya a can ba, to ba inda za a iya.

Muka shiga bas. A hanya ya ba ni labarin titin, Wende sunansa, kamar yadda abokan karatunsa suka ba shi. Ya ce a zamanin da, nan ne matattarar waɗanda suka faɗi jarrabawar zama ma'aikatan sarki suka ji kunyar komawa ƙauye, da masu zane, da masu waƙa, da masu sayar da tsofaffin littattafai. Mutane ne da ba su da lokacin barci ko na tashi, suna barin gashi, suna zane a jikin bangon gidan shayi, wani ya ba da zanen da ya yi wata guda yana yi a bakin tulun giya guda. Iyaye suna hana 'ya'yansu bi ta wurin, 'ya'yan kuma suna satar zuwa. Isuhu ya ce da a Kano ne da an ce musu 'yan iska, amma yau jikokin waɗanda suka kore su ne suke sayen zanensu suna ratayewa a falo. Ina jin sa da rabin kunne. Hannuna yana kan ƙirjina.

Ban taɓa ganin titi mai rai irin wannan ba, ban kuma taɓa jin na fi zama bare ba. Shaguna manne da juna, kowanne ya fito da kayansa har kan hanya: zanen dawaki suna sukuwa, zanen duwatsu cikin hazo, jajayen takardu masu manyan haruffa, da zanen mata da na kawar da kai daga gare su. Masu haɗa firam suna zarto a bakin titi, ƙurar katako tana tashi, 'yan acaba suna kutsawa da gilashi ɗaure a baya. Wani tsoho yana goge irin nasu a gindin bishiya, rediyon shagon kusa yana danne shi da kiɗan zamani. Wasu samari masu dogon gashi suna zaune a kan kujerun roba suna zana fuskokin masu wucewa, ɗaya ya yafuto ni yana nuna fuskata, sauran suka yi dariya. Kowa a titin nan yana da abin da ya zo sayarwa ko ya zo saye. Ni kaɗai na zo da majinyaci.

Muka bi shaguna. Yawancinsu kallo ɗaya suke yi su ce meiyo. Wani ya ɗauko wuƙar yankan kwali zai zura a tsakiyar falen, na fizge. Wani ya ce a sa shi a injin roba mai zafi a rufe shi yadda yake, ko ba a karanta ba zai daɗe. Wata mata mai zoben zinariya ta ga warƙa guda daga cikin masu lafiya da na zo da ita don misali, ta riƙe ta a kife, ta ce za ta saya ta sa a firam, Turawa suna son irin wannan. Isuhu bai fassara mini amsar da ya ba ta ba, amma na ga fuskarta ta canza. La'asar ta yi, na fara tsara a raina yadda zan tsaya gaban Baffa. Sai wata mai sayar da buroshin rubutu, wadda ba ma ita muka tambaya ba, ta nuna mana wata siririyar matakala tsakanin shaguna biyu, ta ce mu hau mu tambayi tsoho Liang.

Ɗaki ne mai faɗi da wani dogon jan tebur a tsakiya, zane-zane manne a bango suna bushewa, tsuntsu a keji a bakin taga. Tsohon yana sanye da singileti, farin gashinsa ya sauko kafaɗa, kuma daga bakin ƙofa na ji warin giya a tare da shi. Isuhu ya ce shi ne ragowar mutanen da ya ba ni labari. A ƙuruciyarsa zane yake yi, abokansa duk sun mutu ko sun ƙetare ruwa, yanzu aikinsa gyaran tsohon zanen wasu da manna shi a kan siliki. Na tsaya ina tunanin ko ya halatta in miƙa begen Annabi ga wannan hannu. Kafin in yanke shawara, sai na ga ya tafi wajen famfo ya wanke hannuwansa har gwiwar hannu, ya goge su da farin tsumma, ya dawo ya miƙo su biyu. Ba wanda ya ce ya yi hakan. Na ba shi.

Ya daɗe yana dubawa. Ta bakin Isuhu ya ce ya raba takardun da suka fi wannan mannewa, kuma hanyar ɗaya ce: a jiƙa su da ruwan ɗumi har su saki da kansu. Tawadarsu idan ta bushe ba ta jin ruwa, amma tamu bai san ta ba, saboda haka sai ya gwada tukuna. Ya karɓi warƙar misalin nan, wadda daga farkon waƙar take, ya ɗiga ruwa a kan harafi guda, ya jira, ya danna farin tsumma. Tsumman ya fito fari. Ya ɗiga a wani wurin, ya ƙara zafin ruwan, harafin bai motsa ba. Ya ɗaga babban yatsa. Ya tambaya ko mutum ɗaya ne ya rubuta duka, na ce ƙwarai, hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Gaskiya na faɗa. Isuhu ya dafa kafaɗata ya ce:

"Bakano, ka fara shirya tukwici. Kuma ban da rowar nan taku."

A karon farko na yi masa murmushi.

Tsohon ya kwantar da falen a cikin wani faffaɗan farin faranti, ya zuba ruwan ɗumi daga gefe har ya rufe shi. Muka sunkuya mu uku. Da farko abin ya tafi yadda ya ce. Gefen ya kumbura, warƙoƙin suka fara buɗe baki ɗaya bayan ɗaya, ya sa wata siririyar gora ya ɗaga ta sama, na ga layukan Malam a jere, baƙi wuluk, sun fi na farkon waƙar baƙi. Sa'an nan na ga wani baƙin hayaƙi yana fita daga tsakanin warƙoƙin yana yaɗuwa cikin ruwan. Haruffan suka tashi daga takardar kamar an hure su. Tsohon ya yi wata ƙara, ya zura hannu biyu ya tsamo su, amma duk wadda ya ɗaga sai baƙin ya zube daga jikinta ya bar ta fari-fari. Ni kuwa, maimakon in kama layi guda daga farkonsa in karanta, sai idona ya riƙa tsalle yana neman inda aka jera sunaye. Ban sami sunan ba, ban kuma sami layin ba.

Wari ne ya gaya mini abin da ya faru. Ƙanshin ƙaro da gawayi ya taso daga farantin, ƙanshin zaurenmu da safe lokacin da ake wanke alluna. Malam yana da tawada iri biyu, kamar kowane malami. Ta takarda da kansa yake dafa ta, da bagaruwa da kashin maƙera, ita ce ba ta jin ruwa. Ta allo kuwa gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne musamman domin ta wanku. Farkon waƙar da ta takarda ya rubuta. Ƙarshenta, yana kwance, da ta allo. Hannu ɗaya ne, tawada biyu.

Hayaniyar titin tana hawowa ta taga kamar ba abin da ya faru. Tsohon ya shimfiɗa fararen warƙoƙin a kan jan teburin, ya tsaya a kansu hannuwansa suna ɗigar baƙin ruwa. Can sai ya ɗauki farantin ya nufi magudanar da ke bakin famfo, kamar yadda ya saba yi bayan kowane aiki. Ban san lokacin da na riƙe gefen farantin ba. Isuhu ya yi masa bayani da sauri, cewa sunan Ubangijinmu yana cikin ruwan nan, ba a zubar da shi inda ƙazanta ke bi, kuma a wurinmu irin wannan ruwa sha ake yi. Na zaci zai ɗauke mu mahaukata. Sai ya ajiye farantin a hankali, ya ce yana yaro akwai tsofaffin da suke bin wannan titi da kwando suna tsince duk takardar da ke da rubutu, domin kada a taka, su ƙone ta a wuri na musamman su kai tokar kogi. Ya ce ya daɗe bai ga wanda ya damu da irin wannan ba.

Na yi niyyar kafa kai in shanye a nan. Isuhu ya hana ni, ya ce funfuna ce cike a ciki, kuma ba ya son gawar Bakano a wuyansa. Ni ma na tuna ba ni kaɗai Malam ya haifa ba. Amma ruwa ba zai kai Kano bai lalace ba. Tsohon ne ya kawo mafita, daga sana'arsa. Su tawadarsu a daskare suke ajiye ta, kamar guntun dutse, sai za a yi rubutu a niƙa da ruwa. Ya tace ruwan da siliki, ya juye shi a wata sabuwar tukunyar ƙasa da bai taɓa dafa komai a ciki ba, ya ɗora a kan risho da ƙaramar wuta. Muka zauna muna kallo yana ƙonewa. Muka yi Magariba a kusurwar ɗakin, ya kashe rediyonsa har muka idar. Da ruwan ya kafe, ya kankare abin da ya rage, ya murza shi tsakanin yatsunsa ya zama ɗan curi bai kai ƙwallon dabino ba, ya gasa shi a gefen wuta har ya yi tauri, ya naɗe shi a farar takarda. Na ciro abin da ke aljihuna, ya ture hannuna. Ya ce wa Isuhu ya gaya mini cewa a tsawon aikinsa bai taɓa kashe rubutun mutum ba sai yau, kuma ba a biyan mutum ladan wannan.

Sauran warƙoƙin shi ya busar mini da su a kwanakin da suka biyo baya, ba ko ɗaya da ta ƙara ɓaci. Kayan Alhaji Sabo suka kammala, aka loda. Isuhu ya raka ni har filin jirgi yana zagin Kanawa, a wannan karon na rama.

Bana na cika shekara hamsin, na wuce shekarun da Malam ya fara waƙarsa, kuma har yanzu ban gama yi wa kaina tambayoyi ba. Da na yi wa Baffa musu a kan hoton takarda, da rashin kunya ce ko hankali? Da na karanta ƙarshen a Sanyuanli, lokacin da yake hannuna lafiya lau, me zai ragu daga gare ni? Na ga baƙin layukan ya bambanta, ɗan gidan malamai ne ni, me ya sa tambayar tsohon ba ta tuna mini kurtun tawada biyu da na tashi ina gani ba? Wani lokaci ina ganin laifin mai maɗaba'a ne, wani lokaci na iskar kudu. Ban taɓa iya ɗora shi a kan tsoho Liang ba.

Ranar da na koma Kano, na sami Baffa a zaure da hantsi. Na ajiye gafakar a gabansa, na ajiye fararen warƙoƙin, na ajiye ɗan ƙullin, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya tambaye ni ko na karanta kafin abin ya faru, na ce a'a. Ya kwance ƙullin, ya kai curin hancinsa.

"Ta allo ce," in ji shi. "Ashe ta takardar ta ƙare masa yana kwance, ba wanda ya lura a cikinmu balle ya dafa masa."

Ya share idonsa da bakin rawani. Sa'an nan ya sa aka kawo sabuwar ƙwarya da ruwan randa, aka aika gidajen yayyena aka kira su, har wadda ke aure a Fagge. Ya jefa curin a ruwan ya riƙa juyawa da yatsa yana bismilla har ya narke. Aka fara daga babbar yayarmu, ƙwaryar tana bin mu bisa haihuwa, kowa ya kurɓa ya miƙa. Ni ne auta, saboda haka gindin ƙwaryar ya zo kaina, mai kauri, da tsakin gawayi a ciki. Baffa bai sakar mini ita ba, shi ya riƙe ta a bakina har na shanye. Ya duba cikinta ya ga ba saura, ya kife ta a kan tabarma.

"To," ya ce, "kowa ya karɓi nasa."